Iskar Arewa a Ɗakin Niƙa

Pang Shouren yana cikin sa hannu a takardar direban da ya kawo tsiron sha'ir, sai ya ji injin niƙa ya sake tsayawa a hawa na uku. Bai ɗaga kai ba. Ya ɗebi 'yan ƙwayoyi daga bayan motar ya jefa a baki, suka fashe ƙaras tsakanin haƙoransa. Kwana huɗu ke nan iskar arewa tana kaɗawa, ta busar da komai har leɓen mutum.

Ya san abin da ke damun injin tun ranar farko.

Shekara ashirin da shida ya yi yana niƙa a wannan kamfanin giya. Da bazara aka kawo kwamfuta, aka ce aikin yanzu sai mai takarda. Aka ɗauki Yin Haibo, wanda Pang ya koya wa sana'ar shekara tara, aka ba shi shugabancin ɗakin. Shi kuwa aka sauko da shi wurin karɓar kaya. Mutumin da a da yake wanke masa kwanon abinci yanzu yana da farar riga da ofis mai taga, har direbobi suna miƙa masa taba da hannu biyu.

Ga shi nan ma yana saukowa daga bene, idanunsa jajaye.

"Shifu, ka karya kuwa?" in ji Yin. Har yanzu da sunan uban sana'a yake kiransa.

"A'a, Shugaba Yin da kansa? Matsa can kada mu ɓata maka riga."

"Shifu, don Allah ka bari. Tukunyar tacewa ta sake toshewa. Dahuwa biyu muka zubar, masu aladu sun kwashe. Ɓawon ne ke fitowa kamar gari, ruwa ya ƙi wucewa. Na auna tsakanin ƙarafan niƙa, na wanke rariya, na share maganaɗisu. Akwai abin da na manta ne?"

"Me kwamfutarka ta ce?"

"Ta ce komai lafiya."

"To ai lafiyar ke nan. Ni wa, da zan musa wa kwamfuta?"

Yin ya ɗan rusuna, ya koma sama. Pang ya bi shi da kallo, ya ji wani ɗumi a ƙirjinsa wanda bai so ya kira da sunansa ba.

Yin bai manta komai ba. Ba a taɓa gaya masa ba ne. Kafin tsiro ya faɗa cikin injin, akan yayyafa masa ruwa kaɗan don ɓawon ya yi taushi, ya tsage biyu maimakon ya dagargaje, domin da ɓawon ne ake tace ruwan giyar. Kwamfuta tana ba da ruwan gwargwadon abin da aka rubuta a takardar masu sayar da tsiro. Ba ta san iska ba. Amma a bayan murfin mayayyafin akwai wani ɗan famfo na hannu tun zamanin tsohon inji, wanda Pang kan ɗan murɗa idan arewa ta taso. Wannan sirri ɗaya ya riƙe wa kansa. Haka nasa shifun ya riƙe masa wani abu har ya mutu da shi. Kowa a sana'ar ya san maganar: ka koya wa yaronka duka, ka kwana da yunwa. Pang ya koya masa duka ban da ɗaya, kuma duk da haka aka ɗauke masa kwano. To wa ya ci amanar wa? Ya daɗe yana juya wannan tambaya, ba ta taɓa tsayawa a fuska ɗaya ba.

Da rana a ɗakin cin abinci, Manaja Luan ta ajiye farantinta a gaban Yin, ta yi magana yadda kowa zai ji.

"Dahuwar yamma ita ce ta ƙarshe. Idan ta toshe, gobe zan kira mutum daga birnin Jinan ya karɓi ɗakin."

Pang ya ci gaba da yagar burodinsa yana tsomawa a miyar kabeji. Abincin ya yi masa daɗi fiye da kullum. Sai ta juyo gare shi.

"Tsoho Pang, wannan ne abin da ka horar shekara tara? Ko dai malamin ne da ma bai iya ba, sa'a kawai yake ci?"

Aka yi dariya. Wani daga sashen kwalabe ya ce, "Kaza ba ta haifar agwagwa, Manaja!" Aka ƙara kecewa.

Pang ya ajiye burodinsa. Bai taɓa lissafa wannan ba. Idan Yin ya faɗi, ba za a ce Yin ya faɗi ba, za a ce yaron Pang ne ya faɗi. Mutumin Jinan kuma zai zo ya duba ɗakin da ya yi rabin rayuwarsa a ciki, ya ce da ma can shirme ake yi.

Bayan abinci kamfanin ya yi tsit. Kowa ya kifa kai a kan tebur ko ya miƙe a kan buhuna don barcin rana. Pang ya hau benen a hankali, yana hutawa a kowane hawa. Ya durƙusa bayan mayayyafin, ya zura hannu ta ƙarƙashin murfin har kafaɗa. Famfon ya cije don rashin taɓawa, sai da ya naɗe shi da gefen rigarsa sannan ya motsa. Rubu'in juyi ya ba shi, ya ƙara ɗan kaɗan saboda wannan iskar ta fi ta bara.

Ƙarfe huɗu ihu ya tashi daga ɗakin dahuwa. Ruwan yana zuba ta gilashin dubawa garau, launin zuma. Pang ya tsaya daga bakin ƙofa yana kallon Manaja Luan tana dukan kafaɗar Yin.

"Na san za ka iya!"

"Manaja, ba ni na gyara ba," in ji Yin. "Gaskiya ban san abin da ya canza ba."

"Ku ji shi! Ga aiki ga tawali'u." Ta juya ga jama'a. "Irin wannan ake nema."

Pang ya juya ya bar bakin ƙofar. Da ma yaron ya yi ƙarya ya karɓi yabon, da ya samu abin da zai raina shi da shi. Ko wannan ɗin ya hana shi.

Yana rufe ƙofar rumbu da yamma Yin ya iske shi. Ya dubi hannun rigar Pang, inda tsatsa ta yi ja har gwiwar hannu.

"Shifu, ba zan tambaye ka ba. Abin da yake naka, naka ne."

"Ban san me kake faɗa ba."

"To. Amma masu hasashen yanayi sun ce iskar za ta kai mako uku, tana tashi tana kwantawa."

Pang ya zura makulli a kwaɗo. Famfon ba a barinsa wuri ɗaya. Kullum sai an tauna tsiro an ji, a ƙara ko a rage, in ba haka ba ranar da iska ta kwanta gari zai jiƙe ya manne wa ƙarafan. Kalma goma ga Yin za ta ishe shi ya sauke wannan kaya a nan inda suke tsaye. Ya dubi farar rigar, ya dubi tagar ofishin can sama da hasken yamma ya buga.

"Ƙarfe nawa kake buɗe ƙofar sama?"

"Shida, Shifu."

"Ka bar ta a buɗe tun biyar da rabi," in ji Pang, yana zare makulli daga kwaɗo. "Kuma kada ka kuskura ka biyo ni."