Haruffan Motar Darakta

Harafi na uku ya fara ba da kai ke nan sai zaren ya tsinke. Sarkin Fayil ya ja tsaki, ya tsotsi yatsan da zaren ya yanka, ya waiga hagu da dama. Ba kowa a bayan ofis, sai injin wuta da ke ta ƙugi a ɗakin da aka keɓe masa. Ya ƙara tsiyaya ruwan zafi daga filas a kan murfin but ɗin motar, ya yanko sabon zare, ya zura ta bayan harafin, ya ci gaba da ja kamar mai aiki da zarto.

Shekararsa goma sha ɗaya a ɗakin ajiye takardu, shi ya sa aka laƙaba masa wannan suna. Takardar ƙarin girmansa kuwa wata biyu ke nan tana kan teburin Darakta, sa hannu kawai take jira.

Ƙanwarsa ce ta jawo masa wannan wahala. Ta samu aiki a wata ƙasa, ta bar masa motarta, ta ce ya riƙa hawa kada ta lalace da zama. Kwana uku yana zagaya ta a tsakar gida yana gogewa. Yau da safe matarsa ta ɓoye makullin babur ɗinsa, ta ce ita ta gaji da mijin da ke da mota amma yake dawowa da ƙura a gira.

Ya lallaɓa ya ajiye ta a bayan ofis, amma bai tsira daga idon Anti mai buga takardu ba. Tana ganin ya shigo ta sauke tabarau.

"Sarki, sai ka fara haɗa kayanka."

"Me na yi, Anti?"

"Mota baƙa irin ta Darakta, ƙafafu irin nasa, har haruffan zinariyar nan bakwai na baya. Ka manta Dogo? Agogo kawai ya ɗaura irin na Darakta. Yanzu yana can sito a bakin gari, shi da ɓeraye suna gaisawa."

Sarkin Fayil bai tsaya jin sauran ba. Ya shige tsakanin kantocin fayil ya kira maƙwabcinsa mai fentin mota. Shi ne ya ce masa ai abin ba wuya. Motar iri uku ce, babba da matsakaiciya da ƙarama, kuma daga waje haruffan nan ne kawai bambancinsu. In ya cire su, kowa zai ɗauka ƙaramar ce. Ruwan zafi, zare mai ƙarfi, tsohon katin roba na kankare manne, shi ke nan. Zaren ɗinke fayil kuwa yana da shi ƙunshi guda.

Shi ya sa da aka tashi hutun rana, kowa ya nufi cin abinci, shi ya nufi bayan ofis da filas ɗin Anti.

Harafi na uku ya ɓare gida biyu a hannunsa. Na huɗu ma haka. Ya juya gutsuren yana mamaki: roba ce zalla, an shafa mata ruwan zinariya. Duk cika bakin da ƙanwarsa take yi ashe a kan roba ne. Ya yi murmushi, yana shirya irin tsiyar da zai yi mata a waya.

Da ya gama da na bakwai, ya sa kati ya kankare mannen, ya goge wurin da gefen hankici. Sai ya ja da baya ya ƙura ido. Fentin motar ya ɗan koɗe da rana, amma a inda ya goge ga wasu haruffa nan uku, baƙi wuluk, raɗau kamar an buga hatimi. Inuwar tsohon rubutu ce, wanda aka taɓa cirewa aka rufe da sabo. Sunan ƙaramar motar ne, wadda mai fenti ya ce ko tudu sai ta yi nishi take hawa.

"To fa," ya ce a hankali. "An cuci yarinyar nan."

Ya leƙa ta gilashin baya don ya ga ko kujerun ma na bogi ne. Idonsa ya sauka a kan wata kwat mai ruwan toka a rataye, da jakar fata, da lema mai kan azurfa. Duk ofis ɗin babu wanda bai san lemar Darakta ba, da ita ake nuna mutum in za a ci masa mutunci a taro.

Filas ya suɓuce daga hannunsa.

"A'a, Sarki, kai ne a nan?" Baba maigadi ne ya ɓullo yana kaɗa makullai. "Na matsar maka da taka gaba, ƙarƙashin bishiya. Masu gyaran bututu sun tone wurin Yallaɓai, sai ya ce inuwar nan yake so. Ga makullinka da ka bar min."

Baba ya miƙo makullin, idonsa ya kai kan but ɗin. Hannun ya tsaya a iska. Ya dubi motar, ya dubi gutsattsarin robar da ke ƙasa, ya dubi Sarkin Fayil. Ya juya ya koma bakin ƙofa da saurin da ba a taɓa sanin yana da shi ba.

Sarkin Fayil ya tsince gutsattsarin ya zuba a aljihu, ya koma ɗakinsa ya zauna. Fayil ɗaya ya buɗe, ya yi awa biyu yana kallon shafin farko. Anti ta leƙo neman filas ɗinta, ta ga fuskarsa, ta koma ba tare da ta tambaya ba.

Ƙarfe huɗu saura aka ji muryar Darakta daga bayan ofis. Ba a daɗe ba aka ji ta a baranda, tana kiran maigadi.

Ta taga Sarkin Fayil ya hango su. Baba na tsaye, hularsa a hannu, Darakta na nuna shi da lema.

"Ɓarayi har cikin harabata da rana tsaka! Kai aikin me kake yi? Wa ka gani?"

"Ban ga ɓarawo ba, ranka ya daɗe."

"To ka ajiye min makullan ƙofa. Yau ka gama."

Baba ya fara kwance makullan daga ɗamararsa, bai ko kalli tagar ɗakin fayil ba. Wannan rashin kallon ne ya tashi Sarkin Fayil daga kujera. Ya fito baranda.

"Yallaɓai, ina da magana. Amma ta cikin ofis ce."

A ofis ya juye aljihunsa a kan tebur, ya faɗi komai tun daga ƙanwarsa har zuwa filas ɗin Anti. Darakta ya cika ya batse, wuyansa ya kumbura a cikin kwala.

"Wato ka sayi mota irin tawa, bai ishe ka ba, sai ka tuɓe tawa tsirara?"

"Aro ce, Yallaɓai. Kuma tawa na yi niyyar tuɓewa, don kada a ce na haɗa kafaɗa da kai." Ya rage murya. "Sai dai da na goge wurin, akwai wani ɗan rubutu da ya fito."

Darakta ya waiga wajen baranda. Ya tashi da kansa ya tura ƙofa, ya murza makulli.

"Wa ya gani?"

"Ni kaɗai. Sai Baba, shi kuma ya bar tabaransa a gida."

"Dillalin ne ya liƙa. Ni haka na same ta."

"Haka na yi zato, Yallaɓai. Dillalai ba su da tsoron Allah."

Kowa ya zuba wa robar da ke kan tebur ido. Can Darakta ya yi gyaran murya, muryarsa ta koma ta mai neman alfarma a asibiti.

"Naka haruffan fa? Na ainihi ne?"

"Ban taɓa su ba tukuna."

Bayan an tashi aiki harabar ta yi tsit. Baba, da makullansa a ɗamara, ya kawo motar ƙanwar ya jera ta kusa da ta Darakta, sannan ya tafi shagon tsallaken titi ya sayo manne. Sarkin Fayil ya tsuguna yana jan zare, Darakta ya naɗe hannun riga yana tsiyaya ruwan zafi.

"A hankali mana! Kada ka karce mata fenti."

"Yallaɓai, hannuna kake zuba wa."

Waɗannan haruffan ba su ɓare ba. Nauyi gare su, da sanyin ƙarfe. Darakta ya auna ɗaya a tafin hannu ya girgiza kai. Suka jera su a kan but ɗinsa, suka rufe inuwar nan ruf, Baba na tsaye a nesa yana cewa a ɗaga na biyu, a sauke na biyar.

Da aka gama Darakta bai nufi motarsa ba. Ya buɗe ta ƙanwar ya zauna a mazaunin direba, ya ce a ba shi makulli. Injin ya tashi da wani sauti mai laushi, da ƙyar ake jin sa. Ya danna wani maɓalli, kujerar ta kwanta da shi a hankali. Ya danna wani, ta ɗago. Ya lumshe ido ya daɗe a haka.

"Ashe haka take," ya ce, ba da kowa yake ba.

Ya fito yana gyara kwala, muryarsa ta dawo daidai.

"Gobe ka biyo ta ofishina da safe. Kuma ranar Asabar zan kai iyali wurin surukina. Hanyar duk tudu ce, shi kuma tsohon makanike ne, da kunne yake gane mota. Da wannan zan je."

"To, Yallaɓai. Sai dai yanzu ba ta da haruffa."

Darakta ya dubi but ɗinsa da ke ƙyalli, ya dubi ɗaya but ɗin da ke fayau. Ya juya wajen maigadi.

"Baba, mannen nan da saura? Ranar Asabar sai a mayar mata da nata."