Jirgin da Ya Shigo Mini Gida ta Katanga

Ina cikin shanya a tsakar gida na ji ƙarar da na saba ji, sai kuma na ji wadda ban saba ba. Kafin in waiwaya katangar baya ta zube, ga hancin jirgin sama a cikin akurkin kajina, farfela a lanƙwashe.

Jirgin na mai gonar da muke maƙwabtaka ne, ɗan ƙarami mai kujera huɗu. Filin saukarsa kuwa ko maraƙi ya ruga a kai sai ya ƙure shi, kuma daga ƙarshensa sai katangata. Shekara uku ina magana a kan haɗarin, ana cewa tsohuwa ta cika mita.

Matuƙin ya fito ko ƙwarzane babu, yana ta dariya kamar ana yi masa cakulkuli.

"Iya, sannu da gida," in ji shi.

"Ta ƙofa ake sallama, ɗan nan."

Ashe aikin maigadin gonar ne. Akwai wani ƙyalle mai kama da ƙafar wando a kan sanda a bakin filin, shi ke nuna wa matuƙi inda iska ta dosa. An sayo sabo, maigadi ya ga iska na wahalar da shi, sai ya ɗaure jelarsa a jikin sandar kada ya yage. Matuƙi ya leƙo daga sama ya ga ƙyalle shiru, ya ɗauka babu iska, ya sauko tana ingiza shi ta baya.

"Ni dai tattali na yi," maigadin ke ta faɗa wa duk wanda ya zo kallo.

Mai gona ya iso da tarakta za a janye jirgi. Ya tarar na ɗaure tayar da igiyar guga a gindin mangwaro, na kuma ƙarasa shanyata a kan fiffike.

"Iya, bari mu fitar da shi, gobe magina za su zo."

"Na san goben masu kuɗi. Gidana a buɗe, awakina har sun fara bin giɓin. Katanga tukuna."

"In an gina katangar, ta ina jirgin zai fita?"

"Da zai shigo ka tambaye ni?"

Matuƙi ya zube a kan turmina yana riƙe da ciki. Mai gona ya harare shi, sai shi ma dariyar ta ƙwace masa. Ni ko murmushi ban yi ba, kada su samu fuska.

Kwana huɗu magina suka yi, jirgi na ciki, kajina na kwana a ƙarƙashinsa. Na sa an ƙara layin bulo biyu a sama. Ran na biyar kanikawa suka kwance fukafukan suka fita da su ta ƙofa. Gangar jikin kuwa sai da aka kawo motar ɗaga kaya, aka rataye ta tana lilo a saman gida, unguwa duk ta taru tana shewa. Na tsaya da tsintsiya a hannu ina ce wa direban ya ƙara ɗagawa, filastar ba ta gama bushewa ba.