Tulun Mama Edith

Ranar da aka binne Malam Elias, ba wanda bai yaba wa matarsa ba. Mama Edith ba ta zubar da hawaye ko ɗigo ɗaya ba, ita ce ma ke lallashin masu kuka, tana cewa ai gida ya tafi. Matan zumunta na cocinsu da ke Jushi suka yi ta misali da ita, wai ga mace mai bangaskiya. Yabon kuwa ya yi mata daɗi, ba ƙarya.

Sai hannunta ya fara rawa. Shekara ashirin da biyu ita ke kaɗa tulu in zumuntar mata za su yi waƙa, yanzu ko kofin shayi sai da hannu biyu. An gwada jini, an gwada suga, ba a ga komai ba. Shugabar zumunta, Mama Sarah, ta gaya mata cikin ladabi cewa in bikin godiyar kaka ya zo ba ta sami sauƙi ba, za a ba wata tulun. Wannan magana ta fi rawar hannun yi mata ciwo.

'Yarta ce ta tasa ta gaba har Samaru, wurin Christabel, likita mai maganin damuwa ta hanyar hira. Mama Edith ta shiga tana cin magani, ita fa ba mahaukaciya ba ce. Christabel ta yi murmushi, ta tambaye ta me ta ci da safe, yaya barci. Ta koya mata jan numfashi a hankali, ta ce ta riƙa taka ƙafa kowace yamma. A zuwa na uku ta ce, "Mama, addu'a fa?"

"Ina yi mana, a coci."

"A ɗaki fa, ke kaɗai?"

Mama Edith ta ce, "In ce mishi me? Mutum ya tafi kasuwar Sabon Gari sayo mini barkono, aka dawo mini da gawa. Fushi nake da Allah, 'yata, ya yafe mini."

"To, ran Laraba ki zo da tulun. Abin da baki ya kasa faɗa mishi, hannu ya faɗa."

Ran Laraba ta dinga dukan bakin tulun nan kamar mai sussuka, har kuka ya ƙwace mata, ta yi mai isarta. Christabel ba ta ce mata haƙuri ba, ruwa kawai ta miƙa mata. Daga nan barci ya dawo, tuwo ya soma shiga, rawar hannu ta riƙa raguwa.

Ranar bikin godiya, ga masara da doya jibge gaban coci, Mama Edith ta rungumi tulunta, kiɗa na fita daram, hawaye na bin kumatunta. Mama Sarah ta sunkuyo a tsorace. "Edith, lafiya? Ko a karɓe ki?"

"Kada wadda ta taɓa mini tulu," in ji ta, tana dariya. "Kukan mijina nake yi, wata takwas ina riƙe da shi. Ku dai ku ɗaga murya."