Tsallen Kwasakwasa

"Karkata hagu, Raki. Hagu na ce!"

Baba Gafaru ne yake ba ni umarni daga kan gadonsa da aka kawo masa falo, ni kuwa ina tsaye a tsakar falon, hannuwa a miƙe, mace mai jikoki. Matarsa Abiba tana dariya har da riƙe ƙofa.

Maƙwabcina ne a unguwar Levenshulme, mutumin Takoradi, tsohon ma'aikacin jirgin ruwa. Tun da likita ya ce in riƙa iyo saboda gwiwoyina, kuma ya ji cewa a bakin tafkin iyo nake tsayawa ina jiƙa yatsu, ya mai da ni aikinsa. Malaminsa kuwa tsuntsun nan kwasakwasa ne, irin mai ruwan ƙasa da ya sha gani a gaɓar Amurka.

"Daga sama yake faɗowa, kai a gaba," in ji shi. "Yana juya jiki hagu don ya kare maƙogwaronsa da ke dama. Akwai iska ƙarƙashin fatarsa kamar cushion ɗin kujera. Ke ma Allah bai hana ki cushion ba."

Na ji haushi, amma na yi dariya. Da na ce tsoro nake ji, sai ya ce, "GP, likitana, ya ce na kusa sauka. Ina son in ji kin faɗa ruwan nan kafin in tafi."

Wannan magana ta tsaya mini a rai. Ranar iyon mata na tsaya a bakin ruwa. Na rufe ido na saki jiki.

Ko gida ban shiga ba na wuce wurinsa. Ya rame ƙwarai, muryar ma da ƙyar take fita. Ya kama gefen mayafina, ya ji danshi, ya sunsuna.

"Hagu ko dama?"

"Da ciki na faɗa, Baba. Lifeguard mai tsaron masu iyo ma sai da ta miƙe."

Ya yi dariya har Abiba ta kawo masa ruwa. "Haka 'ya'yan kwasakwasa suke farawa. Da kyau."

Ranar Alhamis da hantsi ya rasu. Na yi kuka sosai.

Satin da ya biyo baya na dawo daga iyo, na shanya kayana a igiyar da ta haɗa bayan gidajenmu. Abiba ta fito ta matsar da tsohuwar hularsa don ta ba ni wuri. Muka tsaya muna kallon ruwa yana ɗiga.