Ramin Gishirin Delmer

Shekara shida Delmer Suggs yana yi wa namijin barewa guda ɗaya bauta. Kowane farkon bazara sai ya saɓo buhun gishiri haɗe da garin ƙashi, ya ratsa dajin da ubansu ya bar musu a kudancin Alabama, ya juye a gindin wani tsohon kututture kusa da rafi. Ruwan sama ya narkar, ƙasa ta shanye, bareyi su zo su yi ta tono da kofato suna cin ƙasar. Yau da gobe kututturen ya ɓace, wurin ya koma rami mai taɓo, zurfinsa ya kai ƙugun mutum.

Duk wannan wahala don Alƙali ake yin ta. Delmer ya raɗa masa sunan ne saboda yadda yake tsayawa ya ƙure mutum da ido kamar zai yanke hukunci. Sau biyar yana shigowa bakin bindiga, sau biyar Delmer yana ɗauke yatsa, wai a bari ƙaho ya ƙara girma. Kowace shekara ƙahon ya faɗi, ya sake tsirowa ya fi na bara. Bana ya kai reshe goma sha biyu, kuma daga bana sai tsufa, ƙaho ya fara ci baya. Delmer har ya kafa ƙusa a bangon falo. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse birni, abin da yake jira a duniya bai wuce ranar da zai rataya kan nan a ƙusar ba. Wanda ya ce wauta ce bai yi ƙarya ba, amma kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Wata Asabar da hantsi, cikin sanyin Janairu, lokacin da mazan bareyi ke haukan barbara, shi da ƙanensa Hoyt suka gangara rafin. Tun daga nesa suka hango ungulaye jere a kan itatuwa.

"Yaya, ko dai gishirin naka ne ya fara kashe su?" in ji Hoyt, wanda bakinsa bai taɓa sanin hutu ba.

Delmer ya ƙara sauri.

Alƙali ne a bakin ramin, kansa a ƙasa, ƙahonsa ya sarƙe da na wani namijin da suka yi faɗa. Ɗayan ya mutu, wuyansa a karye, fuskarsa tana kallon gadon bayansa. Diloli sun cinye shi daga gindi har haƙarƙari, hanji ya ja layi a ƙasa. Aƙalla kwana biyu ke nan Alƙali yana jan rabin gawa. Shi ma sun fara taɓa shi, don fatar cinyarsa a yage take tana reto.

Hoyt ya sauke bindiga daga kafaɗa. "To, ga shi an kawo maka har gida. Harbe shi mu loda."

"Ajiye ta. Ba a harbi a bakin gishiri. Ka manta marin da Baba ya yi maka?"

Dokar tsohon ke nan: inda ka ba dabba gishiri, nan ta ba ka amana, mai harbi a wurin kuwa mahauci ne, ba maharbi ba.

"Baba ya shekara ashirin a ƙasa, kunnena ma ya daɗe da warkewa."

"Sakinsa zan yi. Ya huta kwana goma, in same shi a tsaye kan ƙafafunsa."

"Wato ka cece shi don ka kashe shi."

"Ƙwarai kuwa."

Hoyt ya yi tsaki, ya jingine bindigar, ya koma a-kori-kurar da suka zo da ita ya ɗauko igiya da zarto biyu, gajere da kuma mai doguwar ƙota na sassabe rassa. Hanya mai sauƙi a fili take. Reshe ɗaya ne na Alƙali ya shige ya kulle, a tsaya daga nesa da dogon zarto a yanke shi, magana ta ƙare. Ƙahon mataccen kuwa yana ta ƙasa, sai mutum ya shiga ramin ya durƙusa ƙarƙashin kawunan kafin ya kai gare shi.

Delmer ya miƙa hannu ya ɗauki gajeren.

"Reshe ɗaya ne fa, Yaya. Wa zai zo falonka yana ƙirgawa?"

"Ni."

"Tsufa bai ƙara maka komai ba sai taurin kai."

"Kai dai riƙe igiya."

Hoyt ya zarge ƙafafun Alƙali na baya, ya naɗe igiyar a jikin itace ya ja. Alƙali ya faɗi ta gefe yana gurnani. Delmer ya zame cikin ramin, taɓo mai sanyi ya haɗiye takalmansa har ƙwauri. Warin gawar ya buge shi. Ya kafa zarto a gindin ƙahon mataccen ya fara ja, ƙaurin ƙashi yana tashi. Idon Alƙali bai fi taƙi ɗaya da fuskarsa ba, jajur, kumfa tana zuba daga bakinsa. Tausayi ya kama Delmer, kwaɗayi ma ya kama shi, don bai taɓa ganin ƙahon nan kusa haka ba.

"Haƙuri, tsoho," ya ce masa a hankali. "Saura kaɗan."

Ƙahon mataccen ya ɓalle. Alƙali ya ji kansa sakayau, ya yi fizga ɗaya. Igiyar ta zare ta kwashe fatar tafin Hoyt, kofaton baya ya same shi a baki, ya kife yana tofar da haƙora.

Delmer ya zaci gudu zai yi, kowace barewa gudu take yi. Amma dabbar da ta kwana biyu tana faɗa da gawa, duk abin da ke gabanta abokin gaba ne. Delmer ya yunƙura zai fita, taɓo ya riƙe ƙafafunsa gam. Gishirinsa na shekara shida ne ya narkar da ƙasar haka.

Karon farko a ƙirji ya same shi, ya ji haƙarƙarinsa sun karye, ya faɗa kan gawar. Kofatan gaba suka sauko masa a fuska, suka tsaga goshi, suka yage kunne. Ya kai hannu biyu ya cafke ƙahon, ko a wannan hali sai da ya lura yatsunsa ba su zagaye gindinsa ba. Alƙali ya sunkuya ya tura. Reshe ya shige cinyar Delmer, ya ɗaga shi ya maka da bangon ramin, ya sake dannawa yana murzawa. Delmer ya yi ƙara irin wadda bai san tana cikinsa ba.

Ta cikin jinin da ya rufe masa ido ya hango Hoyt yana rarrafe wajen bindiga.

"Ba a nan ba," ya ce, numfashi yana yankewa. "Hoyt, kada ka taɓa kan."

Jikin dabbar duk a kan Delmer yake, kan ne kaɗai a sarari. Hoyt ya matso taku uku ya ɗana a gindin ƙahon ya harba. Ƙoƙon kan ya tarwatse, ƙashi da ƙwaƙwalwa suka watsu a fuskar Delmer, nauyin ya sauko masa gaba ɗaya. Ungulayen suka tashi, suka yi shawagi, suka dawo inda suke.

Hoyt ya ja gawar Alƙali gefe, ya fiddo wansa, ya kwance bel ɗinsa ya ɗaure cinyar tamau.

"Tattaro min su," in ji Delmer.

"Mutuwa kake yi, mahaukaci."

"Tattaro."

Hoyt ya san gardama ɓata lokaci ce. Ya tsinto gutsattsarin rassan ƙahon daga cikin taɓo yana zagi ta bakin da babu haƙoran gaba, ya zube su a ƙirjin wansa. Delmer ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya sake bi. Baƙin cikin da ya taso masa ya fi ciwon zafi.

"Sha ɗaya ne."

"Na sha biyun yana cinyarka. Kada ka zare, shi ya toshe jinin."

Delmer ya laluba ya ji guntun ya leƙo ta wandonsa, da santsi, da ɗumi. Ya rufe shi da tafinsa. Hoyt ya saɓa shi a baya ya fara hawan gangaren, sha ɗayan suka zube a ƙasa, babu wanda ya waiwaya.

Sun kusa mota Delmer ya sa baki a kunnen ƙanensa.

"Ka gaya wa likitan kada ya jefar da shi."