Sawun Baba Rhissa

Rhissa ya daɗe yana kiwon raƙuma a arewacin Dakoro kafin fari ya cinye masa garke. Daga nan ya shigo gari da matarsa Uwale, ya koma tufkar igiya a bakin kasuwar dabbobi. Da tsufa ya kama shi sai hankalinsa ya fara komawa baya. Yakan miƙe da hantsi ya ce raƙuma ba su sha ruwa ba. Ya daina gane ɗansa Isufu. In ya gan shi sai ya ja rawani ya rufe baki, kamar yadda yake yi wa baƙo. Ƴarsa Rahinatu kaɗai yake saurara, ita ma da sunan ƙanwarsa Nana yake kiranta, wadda ta rasu tun da daɗewa.

Wata ranar kasuwa a tsakiyar bazara ya fita, ba wanda ya gan shi. Rahinatu ta dawo daga famfo ta tarar da tabarmarsa ba kowa, sandarsa ma babu. Aka duba masallaci, aka duba gidan likita da tasha, aka faɗa wa jandarma, aka sa cigiya a rediyo. Sai washegari wata mai tallar nono ta ce ta ga wani tsoho ya bi hanyar arewa, takalmansa a hannu, yana kiran dabbobin da ba ta gani ba.

Isufu ɗan kabu-kabu ne, ya saba kai kaya kasuwannin daji a kan moto, wato babur. Ya so ya tafi neman Baba shi kaɗai. Rahinatu ta ce, "Yaya, in ya hango ka ɓoyewa zai yi. Muryata kawai yake amsawa." Bai yi musu ba, don ya san gaskiya ce.

Bai bari gaggawa ta ja shi ba, abin da ya riƙa ƙona mata rai ke nan. Ya koma wurin jandarma ya faɗi inda suka nufa. Ya kira abokinsa Bubakar ya jera masa rijiyoyin da za su bi, ɗaya bayan ɗaya, ya ce in ranar da ya yanke ta wuce ba su dawo ba, a biyo wannan layin. Ya ɗaura bido biyu, wato jarkokin ruwa, da kwalaben isans na moto, da famfon taya. Kafin ta hau ya juyo ya dube ta.

"Sharaɗi ɗaya, Rahinatu. In ruwa ya kai rabi, mun juyo. Ko me muka gani."

Ta ce ta ji. A lokacin ko me ya ce za ta amsa.

Gonaki suka ƙare, rezo ya ɗauke daga salula, hanya ta koma sawun dabbobi cikin rairayi. Duk rijiyar da suka tsaya sai Isufu ya faɗi sunansa da inda suka dosa, don in an zo cigiyarsu a samu bakin zare. Da rana ta take sai ya kashe moto su fake a inuwar aduwa har zafi ya sauka. Rahinatu takan zauna tana kallon arewa, tana jin kowane numfashin da ta ja a inuwa, Baba a rana ya ja nasa.

A wata rijiya suka sami wani makiyayi yana jan guga da bijimi. Da suka kwatanta masa tsohon sai ya saki igiya.

"Na ba shi ruwa da hannuna," in ji shi. "Na ce ya zauna a ruga, ya ƙi. Tambayata yake ko na ga taguwa ja mai tsage a kunne."

Isufu ya sunkuyar da kai. Wannan raƙumar ta Baba ta mutu tun ba a haifi Rahinatu ba.

Suka kwana a rugar makiyayin, da sassafe suka bi inda ya nuna. Rijiyar gaba ta ƙafe, mutanenta sun tashi, ba kowa sai turaku da busasshen kashin awaki. A nan Isufu ya so sake cika bido, bai samu ba. Amma a bayan rijiyar Rahinatu ta ga sawu: ƙafa ba takalmi, ta hagu tana jan ƙasa, ga ɗigon sanda a gefe. Ta durƙusa ta ɗora tafin hannunta a kai.

Sawun ya bar hanya ya hau tuddan rairayi inda moto ba ya shiga. Suka jingine shi a gindin wata bishiya da za a iya hangowa daga nesa, Isufu ya saɓa bidon da ya rage, suka bi da ƙafa. Sun ga inda ya zauna a gindin tumfafiya. Sun ga inda ya faɗi ya tashi. Gaba kaɗan sawun ya yi da'ira ya dawo kan kansa, sannan ya sake miƙewa.

Rahinatu ta hau tudu ta kira, "Baba!" Shiru. Sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun da take, ta kira mahaifinta da sunansa.

"Rhissa! Ni ce Nana! Taho, raƙuman sun dawo gida!"

Ta yi ta kira har muryarta ta dushe. Ba abin da ya motsa sai iska mai zafi.

Da ta sauko ta tarar da Isufu a tsaye, ya girgiza bidon. Ta gane.

"Tudu ɗaya kawai, Yaya. Wancan na gaba."

"Bayansa akwai wani."

"Sawun sabo ne! Ka gani da idonka!"

"Na gani. Mun riga mun wuce rabi. Na yi shiru ne tun a tudun baya."

"To ka koma kai kaɗai. Dama ya manta ka, kai ma ka manta shi."

Maganar ta soke shi, ta ga haka a fuskarsa, amma bai matsa ba. Ya ce, "Inna tana da mutum ɗaya a daji. Ba zan mayar mata da su uku ba."

Ta zauna a rairayi ta yi kuka ba hawaye, jikinta ba shi da ruwan yi. Sannan ta tashi ta bi bayansa. Suna isa rijiyar makiyayin bidon ba ko ɗigo, harshenta ya manne da ganɗa.

Bayan sun dawo gari, Isufu ya koma daji da Bubakar da wasu mutane a kan raƙuma. Iska ta riga su, ta share tuddan tas. Suka zagaya har abincinsu ya ƙare, ba su samo ko tsumma ba. Jandarma suka aika saƙo garuruwan arewa, ba amsa. Labarai suka yi ta zuwa: an ga wani tsoho a Kornaka, an ga wani a Birnin Lalle. Duk Rahinatu ta je, duk ba shi ba ne.

Damina ta sauka, ciyawa ta rufe daji. Uwale ta tambayi liman ko za ta shiga takaba, ya ce a jira, ba a ga gawa ba. Ta zauna haka, ba matar mai rai ba, ba matar mamaci ba. Isufu ya ci gaba da kai kaya daji, kuma ko da yake suna gaisawa da Rahinatu kullum, ba wanda ya sake tayar da zancen tudun.

Wata rana bayan girbi wata tsohuwa daga ƙauye ta tsayar da Rahinatu a bakin famfo ta ce, "Ke ba ƴar Rhissa mai igiya ba ce? Yana nan lafiya?"

Rahinatu ta buɗe baki don ta ba da labarin da ta saba bayarwa, cewa ana kan nema. Sai ta ji kanta tana cewa, "Allah ya jiƙansa."

Matan da ke layi suka ce amin. Ta tsaya tana jira ko wata za ta ce mata ta yi saurin baki. Ba wadda ta ce. Layi ya zo kanta, ta tura bokitinta ƙarƙashin famfo.