Ɗalibin da Bai Taɓa Fashi Ba

Ina koyar da darasin haƙƙin al'umma ta intanet. Ajina baƙaƙen akwatuna ne a fuskar kwamfuta, kowanne da suna a ƙasansa. Ban taɓa cewa su kunna kyamara ba. Tun rasuwar matata na saba magana ba a amsa min.

Akwai wanda suke kira Dogo. Bai taɓa fashi ba, har misali nake yi da shi.

Ran nan wata mata ta shigo ofishina.

"Malam, ni yayar Dogo ce. Tun farkon zango yana kwance a asibiti, ko cokali ba ya iya riƙewa. Mun nemi a ɗage masa shekarar, aka ce kwamfuta ta nuna kullum yana aji, har gwaji yana yi. Idan bai zauna jarrabawa ba, korarsa za a yi."

Ashe da ciwon ya fara, ya tura wa 'yan ajinsu lambobin sirrinsa, su shigar masa aji na kwana biyu. Haka suke yi wa juna. Su kuwa suka raba aikin bi da bi, ba su daina ba.

"Wa ya zo duba shi?"

"A cikinsu? Ko waya, Malam."

Na ba ta kujera kusa da ni, na buɗe aji. Na faɗa musu komai. Na ce sai wani ya tsaya gaban kwamitin makaranta ya ce shi ya riƙa shiga da sunan Dogo, kuma akwai hukunci.

Can shugaban aji ya kunna makirufo.

"Malam, wallahi taimako muka yi."

"Sannu da taimako. A wane asibiti yake?"

Ya kashe makirufonsa. Ban ji daɗin nasarar ba, don ni ma sai da safiyar ranar na sani.

Muna cikin haka, sabon akwati ya bayyana. Dogo ya shigo aji. Wanda layin shiga da sunansa ya zo kansa ya makara, bai ji komai ba. Yayar ta rufe baki da mayafi.

"Dogo," na ce, "ya jiki? Ga yayarka. Kunna kyamara ku gaisa."

Sannan akwatin ya yi haske: wata yarinya siririya zaune a bakin gado, da waya biyu, tata da ta aro.

"Yaya, ki yi haƙuri," ta ce. "Na ɗauka ya warke, lalaci kawai yake yi."

"Za ki faɗa wa kwamiti?"

Ta jira ko wani zai yi magana. Babu wanda ya yi.

"Yaushe za su zauna, Malam?"

Na faɗa mata. Na ce tare za mu shiga, tunda makin da ta ci masa da hannuna na ba shi.